Ruwan da Na Share a Guangzhou

Ku matso kusa, jikokina, ku ara mini kunnuwanku, muryata ba ta zuwa nesa yanzu.

Ana saura shekara biyu a shiga dubu biyu, babban ɗana mai saro yadi ya kai ni Guangzhou neman maganin gwiwa. Da yake ba na iya hawa bene, ya kama mini ɗakin ƙasa a gidan wata tsohuwa 'yar Sin. Gida ne siriri mai tsawo, na baƙin bulo, kakannin kakanninta suka gina shi. Rufin duk ciki ya karkato, ruwan sama yana zuba a 'yar tsakar gida ta dutse.

Ni kuwa a gidan ƙasa na girma a Kano, inda in ruwa ya kwanta katanga ce za ta faɗi. Ranar da aka yi ruwa na ɗauki tsintsiya, ina dafa gwiwa, na kore shi waje. Tsohuwar ta fizge tsintsiyar, ta nuna mini ƙofa.

Ɗana ya yi ta ba ta haƙuri, sannan ya ce, "Inna, a wurinsu ruwan nan arzikin gida ne. Kin share mata shi titi."

Na ce, "To, ni ina zan kai ƙafafun nan?"

Ta bar ni na zauna, amma ta ɓoye tsintsiyar. Wata biyu muka yi muna kallon ruwa tare, ba mai jin yaren wata.

Ɗana yana kasuwa har yau. Ita na ji 'ya'yanta sun mai da ta bene, an rushe gidan. Ni kuwa ga ni nan, gwiwar ba ta warke ba.