Kwana Tara a Bencin Makaranta

Shekarar da zan rubuta jarrabawar ƙarshe ta sakandare a Jidda, iƙamata, wato takardar izinin zama, ta ƙare, kafilin Baba kuma, wanda ke tsaya mana a sabunta ta, ya yi tafiya. Aka ce ba za a sa sunana ba sai shugabar makaranta ta sa hannu a takardar jinkiri. Na je ofishinta sau ɗaya, sakatariya ta ce in dawo gobe, na yi godiya na fita. Da ni kaɗai ce, da maganar ta mutu a nan.

Inna, mahaifiyata, ta ɗauki zancen. Kullum da safe sai ta bar wa maƙwabciyarta rumfar atamfa a Bab Makka, ta zo ta zauna a bencin ƙofar ofis da filas ɗin shayi da ɗinkin hannu. Duk wadda ta gifta sai ta tare ta da Larabcinta na kasuwa. In an ce gobe, ta ce to, amma ba ta tashi. Ina ƙirga kwanakin a bayan littafina, ni kuma ina bin wata hanyar don kada mu haɗu.

Ran na bakwai aka aike ni ofis da takardu. Sakatariya ta nuna Inna da biro.

"Ke, wannan mai nacin da ta hana mu sakat, wace ce a wurinki?"

'Yan ajinmu biyu na tsaye. Na ce, "Maƙwabciyarmu ce."

Inna ba ta ɗago kai daga ɗinkinta ba. Na ɗauka ba ta ji ba, har na ji daɗi.

Ran na tara shugabar ta fito da kanta, tana dariya tana cewa, "Halas, shi ke nan, Hajiya, kin ci!" Ta sa hannu a tsaye.

A mota muna komawa unguwarmu Sa'alaba, Inna ta ciro takardar daga cikin atamfar da ta naɗe ta, ta ɗora min a cinya.

"Ungo, 'yar maƙwabta. Ki gaida min uwarki, ki ce na yi ƙoƙari."

Na ɗauki takardar na sa a jaka. Ta juya tana kallon titi. Na ci jarrabawar da maki mai kyau, kuma har yau ban ba ta haƙuri ba. Sau da yawa na shirya kalmomin, sai in ce gobe.