Tantancewar Orrin Mai Walda

A unguwarmu ta Norfolk a Amurka, in ka ga baƙo da kwat yana bin ƙofofi, to wani ne ya nemi aikin sirri na gwamnati. Da aka zo kan Orrin Tillery ni aka fara tambaya, don katanga ce kawai ta raba mu. Na ce ban san shi da wani aibu ba, sai rowar gaisuwa da gaskiyar tsiya.

Orrin mai walda ne a wurin ƙera jiragen ruwa. Burinsa tun yana saurayi ya yi aiki a jirgin yaƙin da ke tafiya ƙarƙashin teku, shi kuwa ba a kusantarsa sai gwamnati ta tantance mutum ciki da waje. Wansa Cleve ne ya koya masa walda bayan rasuwar ubansu, shi ne kuma ya koya masa wiwi. Orrin ya bari da daɗewa. Cleve bai bari ba, wai bayansa ke ciwo. Jiha ta halatta wiwi, gwamnatin tarayya ta ce ba da ita ba.

Kowa a nan ya san tsohon shaye-shaye bai cika hana aiki ba, ɓoyewar ce ke hanawa. Orrin ya zazzage wa mai binciken komai. Gida ɗaya suke zaune da Cleve, tagarsu a buɗe take, ni kuma ba kurma ba ce.

Mai binciken ya ce, "Kana hulɗa da waɗanda kuka sha tare?"

"Mutum ɗaya ne. Ga shi can a kicin yana suyar kifi."

Mutumin ya ce ba dole ba ne, amma nisantar abokin shan tana taimakawa. Orrin ya ce zai nisanta. Da wani ne, a baki zai faɗa, ran Lahadi ka gan shi gaban kifi. Shi kuwa kayansa ya ɗaure, ya kama ɗaki a ƙetaren kogi.

Cleve da kansa ya taya shi loda mota, yana cewa, "Wato jirgin da ke nutso cikin teku hayaƙina yake tsoro?"

"Yaya, na riga na faɗa musu."

"To, a sauka lafiya, Malam Sirri."

Orrin ya samu izinin aiki a jirgin. Yanzu ba mai sanin abin da yake liƙewa, dama can ba ya hira.

Bara na gan shi da Cleve a kanti, sun yi kiciɓis wajen gwangwanayen wake. Orrin ya tsaya cak, idonsa ya kawo ruwa, ya ce, "Yaya..." Wallahi haushi da tausayi suka kama ni lokaci guda.

Cleve ya waiga hagu da dama, ya juya fuskarsa ga kantar kaya, ya ce ƙasa-ƙasa, "Wuce, ɗan'uwa, kar a gan ka da ni."

Orrin ya tura keken sayayyarsa ya wuce.