Ranar da Na Ɓoye Littafin Tsohon Balkan a Ƙuba

Bara ina ɗan shekara goma sha huɗu, kuma a unguwarmu ta Ƙurban, a birnin Manzon Allah (SAW), in ka ji ihu, to ni ne dalili. Ko kuliyoyi in suka hango ni sai su canja layi. Babana yana kai masu umra ziyara a motarsa, ni kuma in an yi hutu sai in liƙe masa.

Wata rana muka ɗauki wani tsoho, limamin wani ƙauye a duwatsun Balkan, can gabashin Turai. Yana jin Larabci, don haka tun daga otal bai yi shiru ba. Ya ce a da ƙauyensu cike yake, Musulmi da Kirista, yarensu ɗaya, dangin na Bulgariya. Yaƙi ya kori wasu zuwa Turkiyya, neman aiki ya kwashe samari zuwa Jamus, aka rufe makaranta. Ya ce waɗanda suka rage ba za su cika motar Baba ba. Ya nuna mana wani ɗan littafi mai sunayen mutanen ƙauyen, na gida da na waje, duk wanda ya ba shi saƙon sallama ga Manzon Allah (SAW). Shekaru ya yi yana tattara su.

A masallacin Ƙuba ya tafi alwala ya bar littafin kan kujera. Haruffan suka ba ni dariya, wasu a juye kamar sun yi faɗa da juna, sai na cusa shi a aljihu don in ga yadda zai yi. Da ya dawo ya laluba, ya sake lalubawa, ya fara kiran sunayen da ka, ya kakare, sai ya dafe ƙirji ya zube. Leɓunansa suka yi baƙi. Baba na ihu a kira motar asibiti, ni kuwa na tabbata na kashe mutum a ƙofar masallaci. Tsoron Baba ya hana ni fito da littafin har aka ɗora tsohon a gadon ɗaukar marasa lafiya. Sannan na ruga na danna masa littafin a hannu.

Ya rayu, amma likita ya hana shi shiga cunkoson Haramin Manzon Allah (SAW). A asibiti yana karanto sunayen ina rubutawa da Larabci, ni na je na kai sallamar ina kuka. Bai taɓa tambayata inda na samo littafin ba, kuma da bulala ya yi min da ta fi sauƙi.

'Yan'uwana masu tsokana, ku ji tsoron Allah da kayan baƙo. Ba ku san mutum nawa ya ɗauko a cikinsu ba.