Ƙabilu Tara na Zulkiflu

A Ayigya Zango kowa ya san Zulkiflu, mai gyaran kwamfuta a gaban masallacin Juma'a. Bai yi jami'a ba. Daga ɗaliban da ke haya a gidansu ya tsinci rubuta manhaja, kuma ya fi su girman kai da ita.

Da ƙungiyar unguwa ta sayi filin maƙabarta, sarakunan ƙabilu suka raba shi kashi tara, kowane sarki da nasa. Aka ba Zulkiflu aikin manhajar da za ta fitar da takardar kabari. Ba ta da hoto, ba ta da ado: baƙin allo ne, ka buga umarni, sunan mamaci, sai ƙabilarsa. Don kada kowa ya rubuta abin da ya ga dama, ya kulle gurbin ƙabila da sunaye tara. Ka buga wani abu dabam, ta ƙi, ta jero maka taran. Ya yi ta nuna wa mutane wannan ƙin yana dariya.

Ko sau ɗaya bai tuna da mahaifinsa ba. Malam Osmanu ɗan ƙabilar Asante ne, wadda ba ta cikin taran, ya musulunta shekara arba'in da suka wuce, kuma roƙonsa ɗaya ga ɗansa: ranar da ya rasu a binne shi cikin Musulmi kafin rana ta faɗi.

Ya rasu wata Talata da hantsi. Zulkiflu ya buga Asante. Manhajar ta ƙi.

"Layi ɗaya zan ƙara, Baba," ya ce wa Alhaji Gariba, shugaban ƙungiyar.

"Ka ƙara a kashin wa? Fili tara ne, ɗana. Bari sarakuna su zauna."

Suka zauna har la'asar, kowa na yabon mamacin, ba wanda ya ba da taku shida. Kafin su tashi dangin Malam Osmanu suka iso daga ƙauye da mota, suka tafi da gawar. Wata uku ya yi a firijin asibiti, sannan aka binne shi da ganguna bisa al'adar danginsa.

Zulkiflu yana nan a shagonsa, ba ya dariya yanzu, baƙin ciki ya cinye shi. Daga baya ya ƙara layin. Bai ɗauke shi minti ɗaya ba.