Tafkin da Baba Mai Fenti Ya Kai Ɗakin Inna

Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Da hantsin Talatar da ta wuce, sha biyu ga wata, Allah Ya karɓi ran Baba Mai Fenti bayan gajeriyar jinya. Ni ne malaminsa na zane, ko da yake a haife ya haife ni.

Baba, ranar da ka fara shigowa ajina na ɗauka bango aka turo ka ka shafe mana. Sai ka nemi kujera cikin sa'o'in jikokinka, ka ce zanen fentin mai ka zo koyo, kuma abu ɗaya tak za ka zana. Kuna sabon aure aiki ya taɓa kai ka wani masauki a bakin tafki, tsakanin duwatsu. Ka dawo ka cika wa matarka Inna kunne da labarinsa, ka yi alkawarin kai ta ta gani. Hidimar gida ta cinye shekarun, daga baya ciwon ƙafa ya kwantar da ita. Ka ce tunda ita ba za ta je ba, tafkin zai zo ɗakinta.

Gaskiya ban taɓa samun ɗalibin da ya ba ni wahala kamarka ba. Irin zanen da nake koyarwa, ɗigo-ɗigo ake ɗora launi, shuɗi kusa da rawaya, a bar su haka, idon mai kallo ya haɗa su daga nesa. Kai kuwa hannunka ya saba da bango. Da na juya baya sai ka bi da buroshi ka lailaye, ka ƙara shafi na biyu, ruwa da dutse da sama duk su koma launin taɓo. Na sha yi maka faɗa. Amsarka ɗaya ce: "Malam, a sana'armu wanda ya bar shatin buroshi korarsa ake yi."

Amma kai ne mai wanke wa yara buroshi da kananzir idan an tashi. Ƙofar ajin ma ka shafe ta tas, ba wanda ya sa ka.

Kai da kanka ka samo maganin hannun naka. Ka riƙa ɗora launi sau ɗaya, ka ja da baya har bakin ƙofa, ka duba, sannan ka dawo. Ka ce daidai nisan gadon Inna da bangon ɗakinta ke nan. A haka ka gama zanen, ka kai shi gida, kana jira ya bushe ka nuna mata. Sai ciwo ya riga ka.

Da na je gaisuwa, babbar 'yarka ta ja ni ɗakin da ka ajiye shi. Ta kai fuskarta dab da zanen, ta girgiza kai.

"Malam, hannun Baba ya riga ya fara rawa. Don Allah ka ɗan gyara shi kafin Inna ta gani, kada ranta ya ƙara ɓaci."

Na ce ko ɗigo ɗaya ba zan taɓa ba. Muka kama shi ta gefe-gefe saboda ɗanyen fenti, muka jingina shi a bangon da ke fuskantar gadon. Inna ta daɗe tana kallo. Can ta ce, "Ashe ba ƙari yake yi ba." Ta sa aka ƙara mata matashi, ta ce a bar shi nan. A wurin na ji rashinka ya kama ni sosai.

Roƙona ga iyali, fentin mai yana daɗewa bai bushe ba. Kada a lulluɓe shi, kada a goge shi.

Allah Ya jiƙanka, Baba, Ya yafe maka kurakuranka, Ya haskaka makwancinka. Inna da 'ya'ya da jikoki, Allah Ya ba ku haƙurin rashi. Shi kuma da ya cika alkawarinsa, Allah Ya sa Aljanna ce makomarsa, amin.