Haramin da Na Rina

Ku samari, ni ban taɓa riƙe bindiga ba, ban taɓa haura katangar kowa ba. Da baki na yi tawa ɓarnar, kuma har yau akwai mutumin da ke ɗauke da ita a jikinsa. Kafin duk wannan, yaron shago ne ni a unguwar Mansur da ke Makka. Ina yi wa wani Alhaji ɗan Kano tsaron shago, muna sayar da darduma da carbi da agogon kiran salla, kayan da yake sarowa daga ƙasar Sin. Ina ci, ina sha, iƙamata, wato takardar izinin zama, tana aljihuna. Ba abin da na rasa sai godiya.

Da carbi ɗaya na fara. Na sa a aljihu na sayar a bayan layi, ba wanda ya gani. Daga carbi na koma darduma, daga darduma na koma kwali guda. Ranar da Alhaji ya gane bai kai ni ko'ina ba, saboda ya san mahaifina, ya dai ce in bar masa shagonsa. Bai kuma gaya wa kowa dalili ba. Kunya ta sa na sulale Jidda na yi watanni ina dako. Da zan dawo na ɗaura harami na yi Umra, na aske kaina tal kamar kowa, ina ce wa raina na tuba.

Na tarar a teburin mai shayin da muke haɗuwa bayan La'asar ba a hirar komai sai ta wani Bature da ake kallo a waya. Kansa a aske, ya yafa wani mayafi ruwan goro, kafaɗa ɗaya a waje. Yana cewa wai shi sufi ne na addinin Buda, a wani gidan ibadarsu da ke kan dutse a ƙasar Sin ya koyi faɗan Chanis. Yana fasa bulo da gefen hannu, ana karya sanda a gadon bayansa yana murmushi. Teburin ya rabu biyu. Wasu suka ce Bature ba ya ƙarya. Wasu suka ce wannan abu na 'yan Sin ne, jan kunne ba zai taɓa iya shi ba.

Akwai wani Malam Bashir, ɗan Zariya, ɗalibi mai karatun Hadisi. Mutum ne da ko sallama ka yi masa sai ya dube ka tukuna kafin ya amsa. Ya ce, "Ni ba fatarsa ce ta dame ni ba. Turawa nawa muke gani a Harami, wasu sun fi mu karatu? Abin da nake tambaya, wa ya ba shi? A hannun wa ya karɓa, shi kuma wancan a hannun wa? An ce sufayen nan ba sa aure, ba sa tara dukiya. Wannan ga shi yana tallan makarantarsa har da farashi. Aski da mayafi kuwa, ya akhi, kowa ma yana iya yi."

Wanda ya fi kowa kare Baturen shi ne Sani, wani magini ɗan Maraɗi, ƙato mai tsabtar zuciya, wanda duk abin da ya samu gida yake aikawa. Ya ce, "Malam, ai ido ba ya ƙarya. Ga bulo, ga hannu, ga shi ya fashe." Sai ya waiwayo ya ga kaina yana ƙyalli, ya yi dariya ya ce, "Kai kuma ina ka shige? Ka dawo kamar ɗalibin Baturen nan."

Da na yi dariya kawai da an wuce wurin. Amma na ga yadda ake kallon wayar nan baki buɗe, ni kuma ba na so a tambaye ni abin da ya raba ni da Alhaji. Sai na ji bakina ya ce, "Ai can na fito. Alhaji ya tura ni Sin sarin kaya, na haɗu da mutumin, na zauna a wurinsa." Malam Bashir ya ajiye kofinsa ya ce, "To, madalla. Yaya sunan garin?" Na ƙirƙiro wani suna mai ƙarar Sinanci na faɗa masa. Ya gyaɗa kai, amma na san bai haɗiye ba.

Don in toshe bakinsa na ɗauko haramin da na yi Umra da shi, na sayo rini na mayar da shi ruwan goro. Na hau wani dutse a bayan gari, na yafa shi kafaɗar dama a waje kamar yadda muke yi a ɗawafi, na sa wani baƙo ya ɗauke ni hoto. Ga kai a aske, ga dutse a baya. Hoton nan a ɓoye nake nuna shi, ina cewa faɗan kawai na ɗauko, addininsu na bar musu. Da Malam Bashir ya gani ya matso da wayar kusa da idonsa, ya ce, "Sufayen Sin ma tawul mai geza suke yafawa? Ni dai wannan ya yi mini kama da haramin da ake sayarwa a kasuwar Utaibiyya, nan cikin Makka." Aka yi masa caa, aka ce hassada ce. Sani ne ya fi kowa ɗaga murya.

Ba a jima ba na buɗe makaranta a saman rufin gidan da nake haya. Duk Juma'a da yamma samari suna zuwa, har da Sani, suna biya, ina koya musu abin da na kwafa a waya. Bulon da nake fasawa ni nake buga shi da kaina, yashi zalla da ɗan siminti na shaida, ko yaro ya taka sai ya ruguje. Ba na barin kowa ya taɓa, musamman Sani, don na san hannun magini yana ɗaga shi zai gane. Na ce musu akwai sirrin da ke karyewa idan wani ya sa hannu. Kullum cikin zargi nake. In na ga mutum biyu suna raɗa sai in ce da ni suke.

Wata Juma'a sai ga Malam Bashir ya hawo rufin, Sani na biye da shi da bulo a kafaɗa. Ashe sun sake gardama, Malam ya ce ba zai yarda ba sai na fasa bulon da aka ɗauko daga wurin aikinsu. Sani ya dire shi a gabana yana fara'a, ya ce, "Yallaɓai, yalla, ka nuna masa, mu huta da surutu." Na dubi bulon nan, irin wanda ake ɗora bene a kansa. Kalma ɗaya ce ta rage mini, in ce ƙarya nake yi. Maimakon haka sai na ce, "Malami ba ya fasa bulo don gardama. Ɗalibina ya isa. Sani, ka kai wannan matsayin, fasa shi."

Malam Bashir ya riƙe masa hannu ya ce, "Sani, don Allah kada ka yi. Da hannun nan kake ci." Sani ya dube ni yana neman tabbaci, ni kuwa na gyaɗa masa kai. Ya yi bisimilla, ya tattara duk ƙarfin da Allah ya ba shi ya sauke hannun damansa. Bulon ko gezau. Ƙarar da muka ji daga hannunsa ta fito.

Ko a nan ban ji tsoron Allah ba. Malam ya ce a tafi asibiti, na ja Sani gefe na ce masa ƙarfin ciki ne ke fitowa, in likita ya taɓa ya lalace, ya shafa man zaitun kawai. Tsoro nake kada a tambayi yadda aka yi. Ya bi maganata har hannun ya kumbura ya yi baƙi. Lokacin da aka kai shi, an makara. Kafilinsa, wato ubangidan da ya ɗauko shi aiki, shi ya kai ƙara, 'yan sanda suka zo suka tafi da ni da wayata.

Da mai bincike ya ga hoton sai fuskarsa ta canja. Ya ce in gaya masa yaushe na shiga addinin masu gunki, kuma me nake koya wa yara a garin Makka. Nan na san na taro abin da ya fi ƙarfina. Ni da na yi watanni ina roƙon mutane su yarda na je Sin, ranar ina kuka ina roƙo a yarda ban taɓa zuwa ba. Malam Bashir ɗin da na tsana shi ya zo ya ba da shaida cewa harami ne aka rina, dutsen kuma na bayan gari ne. Fasfona ma ya nuna ban je ko'ina ba. Aka ɗaure ni a kan zamba da cutar da mutum. Da na gama wa'adina aka sa ni a jirgi zuwa Kano, aka hana ni komawa.

A kurkuku na tuba, tuba ta gaske ba irin ta Jidda ba. Baturen nan har yau ban sani ba ko sufin gaske ne ko irina ne mai babbar kasuwa. Abin da na sani, ni da tawul da reza na yi nawa, kuma an yarda. Saboda haka duk wanda ya zo muku da kaya da hoto ya ce shi wane ne, fari ne ko baƙi, ku yi masa tambayar Malam Bashir, wa ya ba ka? Kada ku ji haushin mai tambaya. In kuwa bakinku ya suɓuce kun yi ƙarya a teburin shayi, ku janye ta tun shayin bai huce ba.

Da na samu kuɗin mota na tafi Maraɗi neman Sani. Na same shi a bakin kasuwa yana gadin baburan mutane, gini ya gagare shi. Na durƙusa na ce ya yafe mini. Ya dube ni ya ce, "Na yafe tun tuni. Abin da ya fi yi mini ciwo, har a gadon asibiti ina ce wa Malam laifina ne, ban iya ba." Ya ce in tashi mu gaisa. Na miƙa masa hannun dama, shi kuma ya miƙo mini na hagu.