Goggo Dije da jinin da ta ba ni

Bana shekara goma sha takwas ke nan da rasuwar Goggo Dije, ƙanwar mahaifina, kuma har yau ban huce da abin da aka yi mata ba.

Ina 'yar shekara shida, gab da samun mulkin kai, kaskon man gyaɗa ya kife mini a gidanmu da ke Saji, Inna tana suyar ƙuli-ƙuli. Hannuna na dama ya ƙone tun daga kafaɗa har wuyan hannu. Aka yi ta shafa mini ɗanyen ƙwai da toka har ciwon ya fara wari, sannan aka ɗora ni a motar gyaɗa zuwa Kano. Babana da ƙannensa biyu da Goggo ne suka raka ni.

Likita ya yi musu bayani ta bakin tafinta. Ya ce sai an kankare mataccen naman, a yanko fata daga cinyata a lulluɓe wurin. Ya ce aikin ƙuna yana zubar da jini ƙwarai, yaro kuwa jininsa kaɗan ne, abin da babba zai zubar ya tashi ya tafi gona shi zai kashe ni. Ba zai sa wuƙa ba sai an tanadi jini.

Maza uku suka sunkuyar da kai. Ɗaya ya ce ya ji Turawa sayar da jinin suke yi, ɗaya ya ce damina ta kusa, wa zai yi masa huɗa in ƙarfinsa ya tafi. Babana, Allah ya gafarta masa, cewa ya yi a mai da ni gida a ci gaba da addu'a.

Goggo ta miƙe ta ce, "Yaya, addu'ar ta hana ka miƙa hannu ne? To ga nawa."

Daga baya wata nas ta ba ta labarin abin da ya faru a ɗakin tiyata. Sun ɗaure damtsena da roba don jini ya tsaya, suna danna ƙyalle mai magani a inda suka kankare, suna ɗaure ƙananan jijiyoyi da zare ɗaya bayan ɗaya. Duk da haka jinin ya ƙi tsayawa, likita ya dakatar da aikin a tsakiya. Da aka zo ƙarasawa, Goggo ce ta sake bayarwa.

Da muka koma gida, ba wanda ya ce mata sannu. Aka yaɗa a gari cewa ta sayar wa Nasara jininta. Da ta yi ɓari bayan shekara biyu, aka ce ga sakamakon, mijinta ya daina yi mata magana wata da watanni.

Watan jiya jikar maƙwabciyata daga Kibiya ta faɗa ruwan zafi. Na je dubiya wani asibiti, na tarar an ce a kawo jini kafin aiki. Samari biyar na dangin suna tsaye da wayoyi a hannu, ana ambaton jini suka zame ɗaya ɗaya. Asibitin ma ba shi da ko ledar jini ɗaya a ajiye. Yarinyar ba ta kai ranar aikin ba. Mutanen wancan zamani ana iya cewa ba su sani ba. Waɗannan fa, me za su ce? Da Goggo na nan, na san da ta tare ƙofa, ba mai fita sai an gwada jininsa.

Ba ta bar ɗa ba, ba ta bar gona ba. Ni ta bari, da 'ya'yana bakwai da jikokin da nake tuƙa wa tuwo da wannan hannu mai tabo. Ranar jana'izarta na ji dattawa suna yabonta, wai mace mai haƙuri. Ba gaskiya ba ne. Goggo Dije ba ta da haƙuri, kuma da ta yi haƙuri a ranar nan, da tuni an manta inda kabarina yake.